KADA MU RAINA ƘARAMIN TUMATIR

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abu da kowa ya sani, amma ba kowa ya ɗauke shi a bakin komai ba. Wato ɗan ƙaramin tumatirin nan da kan fito da kansa a bakin juji, ko gindin rariya, ko jikin danga, wanda 'ya'yansa ba su wuce girman kanya ba, waɗansu ma kamar magarya. Yara kan tsinka su ci, kaji su ƙarasa sauran, maigida kuwa in ya zo shara sai ya sa fartanya ya tuge shi tare da ciyawa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: ya kamata kowane gida a ƙasar Kabo da Gwarzo ya dasa gindi goma na wannan tumatir a bayan ɗaki, kowace ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin renon irinsa da adana shi. Ga dalilanmu, ku auna ku gani.

ABIN DA KE FARUWA KOWACE SHEKARA

Ba baƙon abu za mu faɗa muku ba. Daga watan Janairu zuwa Maris tumatir yakan yi yawa har a rasa inda za a kai shi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma buɗe noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ƙasar Kano ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren noman tumatir a Nijeriya. Wanda ya taɓa bi ta Kwanar Gafan da sanyi ya ga yadda ake jera kwanduna, manyan motoci suna lodi zuwa Legas. A nan yammacin Kano ma akwai masu lambu a bakin madatsun Watari ta Bagwai da Chalawa ta Ƙaraye, da sauran fadamu. A wannan lokaci ko almajiri yana iya cin tumatir.

To, da watan Mayu ya kama, sai labari ya sha bamban. Tumatir ya ɓace daga kasuwannin ƙauye, wanda aka samu kuwa sai mai hali. Haka za a yi ta fama har damina ta kusa ƙarewa. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗi sun tafi wajen taki da ƙwadago, aikin gona ya fi tsanani, sauro kuma ya sa yara a gaba. Wato lokacin da jiki ya fi bukatar miya mai kyau, a lokacin ne miyarmu take zama ruwa da gishiri da ɗan dunƙule.

Bari mu yi ɗan lissafi. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba kwana 122 ne. A ce uwargida tana sayen tumatirin leda ko na gwangwani guda ɗaya tak kowace rana. Kowa ya ɗauki kuɗin da ake sayar da shi a kantin unguwarsu ya ninka sau 122, ya ga abin da zai samu. Sa'an nan ya tambayi kansa ko mudu nawa na masara ko dawa zai sayar kafin ya haɗa wannan kuɗi. Ga ƙasa a bayan ɗaki, ga takin awaki, ga ruwan sama yana zuba kyauta, amma muna sayar da hatsi don mu sayi jan miya.

ME YA SA BABBAN TUMATIR KE ƘIN DAMINA?

Dalili na farko zafi ne. Furen tumatir yana da laushi. Idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, sai garin furen ya lalace, furen ya bushe ya faɗi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. A ƙasarmu kuwa, cikin Afrilu zafi yakan kai digiri 40. Shi ya sa mai lambu kan ga shukarsa ta yi kore shar, ga fure, amma babu 'ya'ya.

Dalili na biyu laima ce. Da ruwa ya sauka, sai cututtukan ganye su taso. Ruwan sama yana dukan ƙasa, yana fantsama laka a ganyen ƙasa, daga nan ɗigo-ɗigo baƙi su fara, su yi ta hawa sama. Babban ɗa kuma yana daɗewa kafin ya nuna, saboda haka yakan ruɓe a jikin uwa tun bai kai ba.

Irin da masu noman rani suke shukawa, kamar Roma da wanda ake ce wa UTC, an fitar da su ne don su nuna kusan lokaci ɗaya, su yi tauri, su jure doguwar tafiya cikin kwando. Suna da kyau ga aikin da aka yi su dominsa. Amma aikin uwargida daban ne. Ita ba kwando hamsin take so rana ɗaya ba. Cikin tafin hannu biyu take so, yau da gobe da jibi, har wata uku ko huɗu.

Nan ne ƙaramin ya fi babban. Asalin tumatir daga Amurka ta Kudu yake, wajen ƙasashen Peru da Ekwado, kuma kakansa na daji ɗan ƙarami ne. Mutanen Meziko ne suka mai da shi abin nomawa, Turawan Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu cikin duniya. Ƙaramin nan namu ya fi kusa da na dajin, bai kuwa yar da halin kakansa ba. Ya fi babban jure zafi wajen ƙulla 'ya'ya. Ɗansa yana nuna da wuri. Baƙin ruɓan nan da kan kama gindin babban tumatir bai cika damunsa ba. Kuma yawancinsa ba ya tsayawa: yana yaɗo, yana fure, yana 'ya'ya, muddin yana samun ruwa da abinci. Abin mamaki, a manyan kantunan Ingila da Amurka irin wannan ƙaramin, wanda suke kira ceri, ya fi babban tsada. Mu kuwa muna tuge shi da fartanya.

DARASIN 2016

Kowa yana tune da shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta auka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Sunanta a wurin masana Tuta absoluta. Daga Amurka ta Kudu ta fito, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso Afirka har ta iso mu. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare yake saka ƙwai a ganye, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin tsokar ganyen tana ci daga ciki, daga baya ta huda ɗan. Cikin 'yan kwanaki sai gona ta zama kamar an sa mata wuta. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Masana'antar Ɗangote ta Kadawa, wadda ta fara aiki a shekarar, ba a daɗe ba ta tsaya don rashin abin niƙawa. A 2024 ma tsadar tumatir ta sake kai wa mutane iya wuya.

Kada wani ya ce mun ce sharon ba ta cin ƙaramin tumatir. Tana ci sarai. Bambancin shi ne, mai eka biyu ba shi da ikon duba kowane ganye, sai dai ya yi ta feshi, tsutsar kuwa tana ɓoye cikin ganye, kuma ta riga ta saba da magunguna da yawa. Amma mai gindi goma yana iya zagaya su kowace safiya kafin kunu ya huce. Duk ganyen da ya ga ya yi fari-fari kamar an zana masa hanya, sai ya tsinke ya binne ko ya jefa a murhu. Abin da ya gagari babbar gona bai gagari bayan ɗaki ba.

ABIN DA MASU SUKA KE CEWA

Mun ji masu cewa, "Malam, wannan ai ba ya sayuwa. Wane dillali ne zai karɓi kwandonsa?" Gaskiyarsu. Dillalin Kwanar Gafan ko na 'Yankaba ba zai dube shi ba, tsinkarsa kuma tana cin lokaci. Ba mu ce kowa ya bar Roma ya cika fadamarsa da shi ba. Na tukunya muke magana, ba na kasuwa ba. Kuɗin da ba ka kashe ba, ai kamar ka samu ne.

Waɗansu mata sun ce ɓawo da 'ya'yan ciki sun yi masa yawa, ba ya kuma kaurara miya kamar babba. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, za mu zo ga maganinsa a ƙasa.

Akwai kuma masu cewa, "An yi wannan a da, ina ya kai mu?" Dattawa suna tune da shirin ciyar da ƙasa na 1976, zamanin Janar Obasanjo, lokacin da aka yi ta shela a rediyo kowa ya yi lambu a bayan gida, makarantu ma su yi. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta zo da nata shirin. A ganinmu shawarar ba ta da laifi. Inda aka samu matsala shi ne iri da taki daga sama suke zuwa, ranar da suka daina zuwa sai lambun ya mutu. Wannan kuwa irinsa yana hannunmu, takinsa yana garkenmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sauran uzurin shi ne kaji da awaki. To, wanda ya iya yi wa rumbu tsari ya iya yi wa gindi goma shinge. Karan dawa, tsohuwar zana, ƙayar bagaruwa, ko tsohon gidan sauro da ya yage, duk suna aiki.

YADDA ZA A YI

1. Lokaci. Mai son cin tumatir a tsakiyar damina sai ya yi reno cikin Afrilu, a ƙarƙashin inuwar zana ko bishiya, don rana ba ta da sauƙi a lokacin. A sake wani renon cikin Yuni don na kaka, a yi na uku cikin Oktoba don na sanyi. Haka gida ba zai yanke ba.

2. Reno. A haɗa ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen taki a fangali ko cikin tsohon daro da aka huda. A ja layi da yatsa, kada zurfin ya wuce rabin gaɓa, a yafa iri, a rufe, a shimfiɗa ciyawa a kai. Yakan tsiro cikin mako ɗaya, sai a ɗage ciyawar. Bayan mako uku zuwa huɗu, in ya yi ganye huɗu ko biyar, ya isa dashe.

3. Wuri. A zaɓi inda rana ke samu aƙalla rabin yini, ruwa kuma ba ya kwanciya. Kada a dasa inda aka cire tattasai, attaruhu, barkono, gauta ko yalo bara, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. Wanda ya taɓa tuge shuka ya ga saiwarta ta yi ƙulle-ƙulle, ya san akwai tsutsar ƙasa a wurin, sai ya ƙaurace masa. Gidan da ba shi da fili ya cika tsohon buhu da ƙasa da taki, ya huda gindinsa, ya dasa ɗaya a kowane buhu.

4. Dashe. Da yamma ake yi, ba da tsakar rana ba. A tayar da kunya in damina ce. A bar tazarar ƙafa biyu tsakanin gindi da gindi. A zuba taki cikin tafin hannu biyu a kowane rami, amma ruɓaɓɓe, don ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A binne karan har kusa da ganyen farko, domin tumatir yana fitar da sabuwar saiwa a jikin kara.

5. Sanda. Wannan shi ne sirrin tumatirin damina. A kafa sanda mai tsawon mutum a ranar dashe, a riƙa ɗaure shukar da tsumma sako-sako yayin da take girma. A cire ganyen ƙasa har tsawon taki ɗaya na hannu daga ƙasa, a shimfiɗa ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindi don kada laka ta fantsamo. Tohon da ke fitowa a hammatar ganye a rage shi, a bar rassa biyu ko uku.

6. Ruwa. Kafin damina ta zauna, a ba kowane gindi kimanin lita ɗaya zuwa biyu a rana, a gindi ba a ganye ba. Ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar kwanuka suna yi, amma ban da mai omo ko gishiri da yawa. Mai tsohon tulu ya binne shi zuwa wuya a tsakanin gindi huɗu, ya cika shi da ruwa ya rufe baki. Ruwan zai riƙa tsatsafowa a hankali, a kwana biyu ko uku ba a ƙara ba.

7. Ƙwari. A daka ƙwallon darbejiya, a jiƙa kimanin gwangwanin madara ɗaya cikin lita biyu na ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma sama da ƙarƙashin ganye, sau ɗaya a mako. Muna roƙo da babbar murya kada a kawo ragowar maganin feshin wake ko na auduga cikin gida a fesa wa wannan tumatir. Yara daga jikin uwa suke tsinka su kai baki. Shukar da ganyenta ya nannaɗe ya yi rawaya ta tsumbure, ko wadda ta yanƙwane farat ɗaya alhali ƙasa da laima, ba ta da magani. A tuge ta a fitar da ita daga gida.

8. Tsinka. Kimanin wata biyu bayan dashe za a fara ci. A riƙa tsinka kowane kwana biyu. Aibinsa ɗaya shi ne, in ya nuna sosai ruwa ya same shi, yakan tsage. Saboda haka in an ga hadari, a tsinke duk wanda ya fara ja, zai ƙarasa nuna a faifai cikin ɗaki.

A TUKUNYA

Ƙaramin tumatir ya fi babban zaƙi da ɗan tsami, don haka kaɗan daga cikinsa yana ba miya ɗanɗano. Mai son miyar dage-dage ta fara gasa shi a busasshen kasko har ɓawon ya fashe ya ɗan yi baƙi-baƙi, sa'an nan ta niƙa shi tare da tattasai da albasa. Gashin yana rage ruwa, yana laushar da ɓawo, tattasan kuma ya ba da ja da kauri. Wadda 'ya'yan ciki suka dama ta tace da rariya. A miyar taushe da faten tsaki ba ya bukatar niƙa ma: a raba shi biyu a jefa, zai narke da kansa.

Amma inda ya fi amfani shi ne a ci shi ɗanye. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a yanka a kan kwaɗon zogale ko na rama, a kan garau-garau, ɗanwake ko dambu. Dalili kuwa, tumatir yana ɗauke da bitamin C, wanda doguwar dahuwa take ragewa. Wannan bitamin yana taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wato mai ƙara jini. Mata masu ciki da masu goyo da yara su ne suka fi bukatar wannan haɗi. Jan launin tumatir kuwa jiki ya fi ɗaukarsa in an dafa shi da ɗan mai. Ashe ke nan ɗanye da dafaffe kowanne da ranarsa. Gargaɗi ɗaya: kada a ba yaro ƙarami guda sukutum, don yana iya shaƙe shi. A raba masa huɗu.

In ya yi yawa da sanyi, a raba biyu a shanya a kan tabarma bisa rumfa, a lulluɓe da yadi mai shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Da yake ƙarami ne ya fi babban saurin bushewa, kauɗarsa kuma ta fi wadda ake shanyawa a bakin titi tsabta. Da damina kada a gwada shanya, zai yi fumfuna. Gara a niƙa a dafa har ruwan ya tsane, a soya da mai da gishiri.

AIKIN ƘUNGIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mace ɗaya ba za ta iya tsaron fangalin reno cikin zafin Afrilu ba, ga ɗiban ruwa, ga girki. Amma ƙungiya tana iyawa. Shawararmu ga kowace ƙungiya, daga Garo zuwa Gude, daga Durun zuwa Getso, ita ce a taro mai zuwa a yanke abu uku.

Na ɗaya, a zaɓi mutum biyu masu riƙon iri, zai fi kyau daga cikin zumuntar mata, don su ne suka san wane gindi ne ya fi daɗin miya. Su zaga gidaje su nemo mai kyau daga cikin wanda ke fitowa da kansa. Hanyar cire irin ba wuya: a zaɓi nunannun 'ya'ya daga gindin da ya fi lafiya, ba wanda ya fi girman ɗa kawai ba, a matse cikin kofi, a bar shi kwana biyu ko uku ya yi tsami. Tsamin yana cire yauƙin da ke hana tsiro. A wanke, a zubar da wanda ya taso sama, a shanya na ƙasa a inuwa, a zuba cikin kwalba mai murfi da ɗan toka, a rubuta shekara. Wanda ya sayi irin kanti ya duba jikin takardar. In an rubuta F1, irin aure ne, 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba, kada a ɓata lokacin adana shi.

Na biyu, a yi fangalin reno ɗaya kusa da rijiya, a raba kwanakin ban ruwa. Ƙungiya mai gida talatin tana bukatar dashe 300, a ƙara 50 don cike gurbin wanda ya mutu da kuma ba maƙwabta. Duk maƙwabcin da ya nema a ba shi, ko ɗan ƙungiya ne ko ba ɗan ƙungiya ba. Yawan gidajen da ke da irin, shi ne tabbacin ba zai ɓace ba.

Na uku, duk gidan da ya karɓi dashe ya mayar da iri cikin cokali ɗaya da kaka. Ba kuɗi, ba bashi.

Muna kuma kira ga magidanta. Lambun na uwargida ne, abin da ya fito nata ne, amma saran sanda da kafa shinge da ɗauko taki aikinku ne. Aikin yammaci ɗaya ne, tuwon da za a ci da miyar kuwa ku ne za a fara kai wa.

Duk ƙungiyar da ta gwada, muna roƙon sakatarenta ya rubuto mana da kaka: gindi nawa aka dasa, nawa suka rayu, wane wata aka fara tsinka, wace cuta aka gani. Za mu buga a wannan shafi don sauran su ƙaru, mai daɗi da marar daɗi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ƙara wa iyalanmu lafiya. Amin.